Sunan Surukina a Jikin Kwat

Tun kafin mu yi nisa, ba za ku ga sunan mutumin a wannan takarda ba. Ba mantawa na yi ba. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, amma suruki ko yana kwance a ƙasa suruki ne. Ban taɓa kama sunansa da bakina ba, ba kuwa zan fara da alƙalami ba, alƙalamin ma da nake riƙewa kamar ƙotar fartanya. Karatuna na boko duka-duka mako bakwai ne a ajin yaƙi da jahilci, kuma duk wanda ya ga yadda aka tashi daga filin ya san wanda ya ci yaƙin.

Surukina mai awo ne a fulotin auduga na Funtua, wato filin da manoma ke kai audugarsu a duba, a auna, a saya. Dogo ne siriri. Ba ya dariya sai da dalili, ni kuwa ban taɓa ganin an sami dalilin ba. In aka ɗora buhu a kan sikeli sai ya ranƙwafa, ya kanne ido ɗaya, ya faɗi nauyin ta hanci, sannan ya yi gyaran murya sau biyu kamar mai buga hatimi. Bayan gyaran muryar nan babu sauran magana.

Ni kuwa Allah bai ba ni gona mai yawa ba, bai ba ni karatu ba, sai ya ba ni kwaikwayo. In na ga mutum sau biyu, na ɗauke shi. Wata shekara, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kuma ba a fi wata huɗu da ba ni 'yarsa ba, na kai 'yar audugata fuloti. Layi ya yi tsawo, masu awo sun tafi salla, manoma sun yi jugum a ƙarƙashin tsamiya. Sai na ga ya kamata in taimaka. Na jawo mangalar jaki na mai da ita sikeli, na ranƙwafa, na kanne ido, na saki murya ta hanci. Mutane suka yi ta dariya har wani tsoho ya zame daga kan buhunsa. Can sai dariyar ta ɗauke. Ni a nawa tunanin gajiya suka yi, sai na ƙara gishiri, na haɗa da tafiyarsa. Da na juya in nuna yadda yake juyawa, sai na ga yadda yake tsayawa.

Buta na hannunsa. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Sau biyu nake gyaran murya. Kai ɗaya ka yi."

Ya wuce. Da layi ya zo kaina ya auna audugata daidai, bai rage ko ƙwayar gurya ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Ban ƙara jin maganar ba har maiɗakina ta sami ciki. Da ya kai wata bakwai aka zo aka tafi da ita gidansu goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ƙauyensu na gefen Tsiga, namu na kusa da Malumfashi. Ta sauka lafiya, an sami mace. Ranar suna na ɓuya a gidan abokina kamar kowane uban ɗan fari. Wannan kunyar dai na iya ta, don ba ta buƙatar komai sai zama. Ta gama wankan jego, arba'in ta cika. Na share ɗaki, na yaɓe bango, na sa ido a hanya. Wata biyu. Wata uku.

Na tura kawuna. Ya dawo ya ce an ce yarinya ba ta gama hutawa ba. Bayan mako uku na sake tura shi, ya dawo da magana ba kwana-kwana.

"Ya ce ba ya hana ka matarka. Amma jikarsa ba za ta buɗe ido a gidan da ba a san kunya ba. Sai ya ga alama."

Na ce, "Wace irin alama, Kawu?"

"Ni ma na tambaya. Goro aka ba ni."

Haka na zauna ina cin tuwon matar wana, wadda ke zuba mini miya tana kallon sama. 'Yata kuwa sau ɗaya na gan ta, daga nesa, goye a bayan wata ƙanwar uwarta a kasuwar Bakori. Ƙeyarta kawai na gani. Ƙeya mai kyau.

Ana tsakiyar bazara Kawu ya koma karo na uku, ba da sanina ba, ya dawo da ƙunshi a bayan keke. Ya kwance. Kwat ce ta fata, ruwan ƙasa mai duhu, da manyan maɓallai, nauyinta ya kai na ɗan akuya. Kowa a yankinmu ya san tarihinta. Wani Bature da surukina ya yi wa awo shekara da shekaru, shi ne da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Ya sa ta sau ɗaya don kada a ce ya raina kyauta, sannan ya rataye ta ya koma babbar rigarsa.

Kawu ya ce, "Ya ce ka je da kanka ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya ce ka je cikin wannan."

Na ji wani sanyi a raina. Wanda ya ba ka rigar jikinsa ai ya huce. A ƙirjin hagu akwai wani ɗan falle na farar fata, tsawonsa kamar yatsa, faɗinsa yatsu biyu, an yi masa rubutun boko da baƙin zare. Na duba. Harafin farko na san shi, mun taɓa haɗuwa a aji. Sauran ban san su ba, su ma ba su san ni ba. Na ɗauka tambarin kamfani ne, irin na jikin keke.

Saura kwana huɗu Juma'a, amma kwat irin wannan ba ta jiran Juma'a. Na zura ta a kan taguwata na nufi kasuwar Malumfashi, rana na dukan ƙasa, ni ina tafe a hankali don kowa ya sami rabonsa na kallo.

Ina da wani taubashi, ɗan ƙanwar babana. Ya gama elementare, yana zama a bakin gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙa. Tsakanina da shi wasa ne tun muna yara, yana ce mini bawansa ina ce masa nawa. Ya hango ni ya miƙe. Ya matso, ya tsura wa ƙirjina ido. Sai ya cire takalmi, ya durƙusa a tsakiyar hanya, ya ɗaga murya ya kira sunan surukina cikakke, har da na mahaifinsa, ya ce, "Barka da isowa! Yaya sikeli?"

Na waiga da sauri. Babu kowa a bayana sai wata mai fura.

Ya ce, "Wa kake nema, bawana? Ai ga ka nan."

Na ce, "Kai, ba na son iskanci. Ina yake?"

"Ga shi a ƙirjinka kamar lambar mota. Tun daga ina kake yawo da shi?"

"Tun daga gida."

"Ta gaban makarantar firamare ka biyo?"

Ta nan na biyo. Har na tsaya na gyara maɓalli, don na ga yara sun taru a taga suna nuna ni.

Na ja shi bayan rumfar mai shayi, na tuɓe kwat ɗin na naɗe ta, muka zauna shawara. Shawara da taubashi kamar ba kura ajiyar nama ce, amma shi kaɗai ne mai karatu a danginmu. Abin dai a fili yake. In na shiga zauren mutumin nan da sunansa a buɗe a ƙirjina, daidai yake da na tsaya a ƙofar gidansa na ƙwala masa kira, kuma ba za a rasa ɗan firamaren da zai karanta da ƙarfi a gaban dattawa ba. In na je ba kwat, na ƙi bin umarni. In na sa wuƙa na yanke, to na sa wuƙa a sunan surukina. Ko ta ina aka bi, matata da 'yata za su ci tuwon damina a Tsiga.

Ya ce, "Sa ta a birkice."

Na gwada. Shafin cikinta wani jan yadi ne mai gida-gida. Mai shayi ya leƙo ya ce wasan 'yan kama za a yi ne?

Ya ce, "To ka dafe wurin da hannu, kamar mai rantsuwa a gaban alƙali."

"Da wane hannun zan tuƙa keke?"

"Ka tafi a ƙasa. Bawa ai ba ya hawa."

Na bar shi nan yana share hawaye, na koma gida da niyyar cirewa a hankali, yadda ba za a ce an yanke ba, sai dai a ce ya fita.

Washegari da hantsi na zauna bayan rumbu da reza. Na tsinke ɗinkin gefe ɗaya, zare bayan zare, ina yi ina bisimilla. Na kama bakin fallen na ja. Ko motsi bai yi ba. Ashe kafin a ɗinka sai da aka shafa masa gam, irin mai ƙarfin nan da ake liƙe tayar mota. Baturen nan da ya tashi ba da kyauta bai yi niyyar a sake ba da ita ba.

Maƙwabcina a gona wani Bamaguje ne, mutumin kirki, ya zo wucewa da gatari a kafaɗa ya tsaya yana kallona. Na gaya masa gam ne ya ƙi saki. Ya ce in bari ya kawo mini ƙoƙo ɗaya na giya in jiƙa wurin.

"Babu abin da ba ta saki. Ta raba wana da wandonsa a gaban surukansa."

Na yi masa godiya. Na ce inda za ni, in aka ji wannan ƙanshin a jikina, ba mata kaɗai zan rasa ba. Da ya tafi na ɗiga kananzir a kusurwa. Gam bai saki ba, amma fatar ta yi wani fari-fari kamar ƙyasfi. Nan na tsaya. Na san iyakar ilimin kananzir, wato iyakar nawa.

Ranar Laraba na kai kwat ɗin wurin wani tsohon baduku a Malumfashi, wanda ke zama a zaurensa cikin tarin jar fata, yana ɗinka layu da kube da linzami. Ya karɓa, ya shinshina, ya dube ni.

"Wa ya sa mata kananzir?"

Na ce, "Yara."

"Yaran nan sun kai aure?"

Na sosa ƙeya. Ya shafa fallen da babban yatsa. Ya ce, "Wannan suna ne. Na waye?"

"Na wani ne."

"Yana raye?"

"Yana raye."

"Ya san za a cire?"

Na dubi rufin zaure. Ya ninke kwat ɗin ya turo mini.

Ya ce, "Samari, na tsufa a sana'ar nan. Mutum ya zo da sunan wani a rubuce a jikin fata, ya ce a ɓamɓaro masa a hannu, ya kuma kasa faɗin mai sunan, mun san inda ake kai irin wannan. Ko suri ko tsohuwar rijiya. Ba da hannuna ba."

Dole na kwance masa komai, tun daga fuloti har ƙeyar 'yata. Ya saurara yana murza zare a cinya.

"Au, kai ne na tsamiyar nan?"

Ashe labarin ya riga ni zuwa da shekara guda.

Ya ce, "Yi mini in gani."

Na ce, "Haba Baba, abin da ya jawo mini wannan bala'in ke nan."

"Ni ma na sha kai masa auduga. Yi mini in gani, in ba haka ba ɗauki rigarka."

Na leƙa waje hagu da dama. Na ranƙwafa, na kanne ido, na faɗi nauyi ta hanci. Na yi gyaran murya, wannan karon sau biyu, tunda an gyara mini. Tsohon bai yi dariya ba, kafaɗunsa ne kawai suka yi ta rawa.

Ya ce, "Lallai ba ka da kunya. Miƙo kwat ɗin."

Na ga aiki ran nan. Bai taɓa fuskar fallen da aska ba sam. Ya birkice kwat ɗin, ya farke jan shafin daga ciki daidai tafin hannu, ya bi ta baya da bakin aska yana tsinke zare ɗaya-ɗaya, yana zaro guntayen da tsinin basilla yana tarawa a kan gwiwa. Ya ce wanda ya yanka ta gaba fata yake yanka, wanda ya yanka ta baya zare yake yanka. Da ya gama ya shimfiɗa ta a rana a kan wani faffaɗan dutse har ta yi laushi. Sannan ya sa ɗan dutsen guga a garwashi, ya naɗe shi da tsumma, ya gwada a kumatunsa, ya danna a kan fallen. Ya ɗaga, ya zura wani siririn ƙashi mai santsi a ƙarƙashin kusurwa, ya tura kaɗan, ya ɗiga man shanu a tsagar, ya sake dannawa. Gam ɗin ya fara biyowa zare-zare kamar yauƙin kuɓewa. In na matso sai ya ce in koma, numfashina na sanyaya masa aiki.

Tun hantsi muke har aka yi azahar, muka yi salla, ya koma. Wajen la'asar fallen ya rabu da kwat ɗin ba tare da ko ƙwarzane ba, rubutunsa na nan daram. Ya ɗora mini shi a tafin hannu. Sauran gam ɗin da ya rage ya shafa masa man shanu ya murje da yatsa, yana fita kamar dauɗar wuya.

Sai ya ɗaga kwat ɗin a haske.

Inda fallen ya tashi, fatar sabuwa ce fil, ta fi sauran duhu, don rana ba ta taɓa ganinta ba. A tsakiyar wannan duhun kuwa ga sunan nan a jere, harafi bayan harafi, da ƙananan hudoji. Ashe telan da Baturen ya ba aikin sai da ya liƙa fallen tukuna, sannan ya bi rubutun da keken ɗinki, allura ta ratsa har ƙasa.

Na ce, "Baba, ka ga wannan?"

"Tun da safe na gani, da na buɗe shafi."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Cirewa ka ce. Na cire."

Ana haka sai ga taubashina, wai ya zo wucewa. Gidan waya da zauren baduku ba hanya ɗaya ba ce, amma ya zo wucewa. Daga bakin ƙofa ya karanta hudojin da ƙarfi, ya ce wannan ma ya fi fitowa. Ya karanta na hannuna. Ya ce, "Bawana, ka zo da suruki ɗaya za ka koma da biyu."

Na zauna a kan wata fatar akuya na riƙe kai. Fallen nan ba ya yarwa, ba ya ƙonawa, ba ya ajiyewa a ɗaki, don duk wanda ya gan shi a wurina zai yi tunanin da baduku ya yi. Hudoji kuwa ba sa toshewa. Baduku ya daɗe yana kallon kwat ɗin, sannan ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya ce in kawo auduga mai tsabta. Na samo a maƙwabta, fara tas. Ya naɗe fallen a ciki, ya yanko jar fata mai kyau, ya ɗora ƙunshin daidai kan hudojin, ya rufe, ya bi gefe huɗu da ɗinki ƙanana. Ya mayar da shafi ya ɗinke.

Ya ce, "Ga shi nan. Ba a yanke ba, ba a yar ba, ba a gani. Suna mai daraja haka ake yi masa."

Na duba, na ga ya yi kyau ƙwarai. Laya ce sak. Mu uku muka tsaya muna yaba ta, har da mai elementare, kuma babu wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da ake kira layar da aka ɗinke sunan mutum a ciki aka nufi gidansa da ita ana neman ya sauko.

Ran Juma'a na hau keke. Wanda bai taɓa tuƙa keke daga Malumfashi zuwa Tsiga cikin bazara a cikin rigar fata ba, kada ya ce ya san zafi. Gumi ya cika mini takalmi. Na isa an sauko daga masallaci. Tun daga nesa na sauka, na jingine keke, na tuɓe takalmi, na shiga zaure a sunkuye na tsuguna a bakin ƙofa. Yana zaune a kan buzu, liman na damansa, wasu dattawa biyu na hagu.

Na gaishe su. Ya amsa a taƙaice. Ban ɗaga kai ba, amma ina jin idonsa a ƙirjina kamar an ɗora garwashi.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

"Laya ce, Baba."

"Ina abin da ke wurin?"

"Yana ciki, Baba."

 Liman ya ja a'uzubillahi a hankali, ya janye ƙafarsa. Ɗaya dattijon ya ce, "Ciki? Sunan nasa?" A wannan lokacin ne, ina tsugune, hankalina ya iso. Ya taho a ƙasa ne daga Malumfashi, shi ya sa ya makara.

Na buɗe baki in yi bayani, surukina ya ɗaga hannu. Ya ce a miƙo masa aska. Ya ce in matso. Na matso da gwiwa. Bai ce in tuɓe ba. A jikina ya kama layar ya shiga tsinke ɗinkin, bakin askar na kai da komo daidai inda zuciyata ke bugawa, ni kuwa na ɗauke numfashi don kada in taimaka mata.

Ya zaro ƙunshin. Mai awo dai mai awo ne. Kafin ya duba abin da ke ciki sai da ya tsinko audugar, ya ja ta tsakanin yatsu, ya ɗaga ta a haske.

Ya ce, "Lamba ɗaya."

Sannan ya warware. Ya miƙa wa liman. Liman ya juya fallen gaba da baya, ya tona audugar yana neman allura, ko gashi, ko wani hatimi. Ya shinshina. Ya ce, "Babu komai sai man shanu." Ya sake shinshinawa. "Da ɗan kananzir."

Surukina ya karɓa. Ya dubi fallen, ya dubi hudojin da suka bayyana a ƙirjina, ya sake duban fallen. Ya ce tun da yake awo bai taɓa ba mutum kaya ya dawo masa da ƙari ba.

"Wa ya yi aikin?"

Na gaya masa baduku ne, na kuma gaya masa dalili, kaina a ƙasa. Na ce na kasa shigowa da shi a buɗe, na kasa yankewa, na kasa yarwa.

Ya ce, "An ce ka yi yaƙi da jahilci."

"An yi da ni, Baba."

Ya miƙo fallen gaban fuskata. "Karanta mini."

A lokacin na san rubutun nan fiye da yadda na san hanyar gonata. Kwana huɗu taubashina na karanta mini shi. Na ce, "Baba, idona bai kai ba."

Ya ƙara matso da shi har ya kusa taɓa mini hanci. "Yanzu fa?"

Na ce, "Baba, ido ya kai. Baki ne ba zai kai ba."

Ya janye fallen. Sannan ya ranƙwafa, ya kanne ido ɗaya yana kallona kamar buhu a kan sikeli, ya yi gyaran murya sau biyu.

Jama'a, na sha wuya a duniya. Na yi noma da zazzaɓi, kunama ta harbe ni a wurin da ba a nunawa. Amma ban taɓa shan wuya irin ta riƙe dariyar nan ba. Ta taso tun daga cibiya, ta zo maƙogwaro ta tsaya. Na cije leɓe har na ji gishiri. Na tsura wa wata tururuwa ido a ƙasa, ina bin ta kamar ita ce za ta cece ni. Sai ya ƙara na uku. Shekara nawa ina nazarin mutumin nan, bai taɓa yin uku ba. Har gobe na yi imani da gangan ya yi. Hawaye ya zubo mini, liman ya ce, "Allah sarki, nadama ce."

Surukina ya koma ya jingina da bango. Ya cire hularsa, ya saka fallen a cikin naɗinta, ya mayar. Ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya, ya ce a gaya wa yarinyar nan ta fara ɗaure kayanta, ran Lahadi za a raka ta.

Sannan ya ce da ni, "Kai kuma tuɓe wannan abin kafin ka mutu mini a zaure."

Na fito da kwat a naɗe a hammata, hudoji na ciki. Sai da na wuce ƙauyen, na wuce gonaki biyu, na shiga wani kwari, sannan na jingine keke na kwanta a ƙasa na biya bashin dariya. Wani Bafulatani da ke kiwo ya kora shanunsa gaba.

Ran Lahadi aka kawo su da gara da tarkace. Na ga fuskar 'yata, ta yi daidai da ƙeyar. Da aka watse maiɗakina ta ga kwat ɗin a rataye, ta ce ai tana jin sa'ad da babanta ke sauko da ita. Wai innarta ta ce masa, "Malam, sunanka fa na jiki." Ya ce ya sani. Ta ce to in ya zo da shi a buɗe fa? Ya ce sai yarinya ta yi damina a gida. In ya yanke ya yar? Ya ce ta yi damina da kaka. Ta ce to me kake so ya yi? Ya ce shi ma yana so ya gani.

Na mayar wa baduku kwat ɗin ya rufe hudojin da jar fata, falle ɗaya, ba komai a ciki. Na ci sanyin shekaru da yawa da ita, har ɓeraye suka gaje ta.

Bayan shekara biyu muka sami namiji. Ana gobe suna Kawu ya zo da saƙo daga Tsiga, wai mai awo na son a yi masa takwara. Aka yi. Tun ranar muka lulluɓe yaron da laƙabi, ni da uwarsa, da shi kowa ya san shi. Yanzu har ya fara furfura, yana da nasa surukan, kuma ban taɓa kiransa da sunansa na yanka ba. In wasiƙarsa ta ɓata hanya ta zo gidana, kife ta nake yi a kan tabarma har ya zo ya ɗauka.